Baba, yaushe mai bishara zai jure, yaushe kuma zai karkaɗe ƙurar ƙafarsa?

Zuwa ga Baba Fasto, mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da sauran iyali, da abokan aikinka na gidan rediyo. Allah ya ƙara maka lafiya da basira. Ina roƙon a sakaya sunana in za a karanta wannan wasiƙa, domin wasu daga cikin waɗanda zan yi maganarsu su ma masu sauraronka ne, ni kuwa ba na son in ɓata wa kowa rai.

Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Ma'aikaci ne ni, mai mata da 'ya'ya, tun ina saurayi na shiga ƙungiyar bishara ta ikkilisiyarmu, har yau ina ciki. Muna fita a ƙarshen mako, biyu-biyu kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa, mu bi gidaje, mu gai da marasa lafiya, mu ba mai so 'yar takardar bishara. Da muka fara, ɗakin addu'a ba ya ɗaukarmu. Yanzu in mun taru benci ɗaya ya ishe mu har da saura. Wasu aure ya ɗauke su, wasu canjin wurin aiki, wasu kuwa suna nan muna haɗuwa ranar Lahadi, gajiya kawai suka yi suka ajiye. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ni ma gwiwata ta yi sanyi, ina gab da bin sahunsu, kuma na rasa gane ko wannan gajiya ce da ya kamata in yaƙa, ko kuwa alama ce da ya kamata in tsaya in saurara.

Kada ka ɗauka tsanani ne ya karya ni. Ba wanda ya taɓa ɗaga mini hannu, ba wanda ya kore ni daga ƙofar gidansa da sanda. Na san akwai 'yan'uwa a wurare da yawa da suke shan wuya ta gaske saboda sunan Yesu, har kunya nake ji in ajiye kukana kusa da nasu. Da zagi ne ko kora, ai da na san ayar da zan riƙe, tun da Ubangiji da bakinsa ya kira waɗanda ake zagi saboda shi masu albarka. Ni abin da ke cina shi ne shiru. Ka yi magana, a saurare ka da ladabi, a gode maka, ka dawo wani mako ka tarar da komai yadda ka bar shi.

Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa tun 'yata ta fari tana goye, yanzu ga ta a sakandare. Da ya hango ni zai janyo mini kujera, ya kashe rediyonsa, ya ce, "To Malam, karanta mana." In karanta, ya saurara har ƙarshe, ya yi tambayoyi masu ma'ana, wata rana ma shi ne ke tuna mini inda muka tsaya. In na rufe littafi sai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, maganar nan tana da daɗi. Sai wani zuwan." Bai taɓa yi mini musu ba, bai kuma taɓa matsowa ko taki ɗaya ba. Ina ƙaunar mutumin nan har zuciyata, na kuma san shi ma yana jin daɗin zuwana. Amma kwanan baya ina tafiya gida sai tunani ya zo mini, anya ban zama masa abokin hira kawai ba, wanda yake rage masa kaɗaicin yamma?

Sai kuma wani saurayi, wanda na ɗauka shi ne amfanin gonata. Ya ba da ransa ga Ubangiji da hawaye, na zauna da shi muka bi Bisharar Yahaya aya-aya, aka yi masa baftisma ina tsaye ina murna kamar ɗan cikina ne. Bayan wani lokaci ya fara yin nisa. Ya daina ɗaga wayata. Ran nan na hango shi a hanya, shi ma ya hango ni, sai ya yi kamar ya manta wani abu, ya juya ya bi wani lungu. Na san Manzo Bulus ma ya rubuta wa Timoti cewa Dimas ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan, na san kuma a Yahaya sura 6 almajirai da yawa sun juya wa Ubangiji kansa baya. Sanin haka bai hana ni kwana ina juyi ba.

Abin da ya fi duka ƙona mini rai ƙaramin abu ne, wataƙila ma ka yi dariya. Kowane ƙarshen wata sakatarenmu yana raba mana takardar rahoto. Akwai gurbin gidajen da aka ziyarta, da na takardun da aka raba, sai na ƙarshe, gurbin waɗanda suka karɓi Almasihu. Gurabun farko nakan cika su ba wahala. Na ƙarshen nan kuwa sifiri nake rubutawa, wata bayan wata, har na ƙware da zagaya shi. Akwai wani ɗan'uwa da ke shirya wa'azin fili da lasifika, shi kullum da adadi mai kauri yake dawowa, a karanta a gaban ikkilisiya, a tafa, a ce "Halleluya!" Ban ce ƙarya yake yi ba, mutane suna ɗaga hannu da gaske. Sai dai in ka nemi masu ɗaga hannun nan bayan 'yan watanni, da ƙyar ka sami wanda ya san hanyar coci. A fahimtata umarnin da ke Matiyu 28:19 na almajirtarwa ne, ɗaga hannu cikin dare kuwa bai kai nan ba. Duk da na san haka, in ana tafa masa sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Na kai kukana wurin ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, je ka binciki kanka. Inda babu 'ya'ya, ko dai akwai zunubi a ɓoye, ko kuwa addu'a da azumi sun yi ƙaranci." Na karɓi maganar da hannu biyu saboda girmansa, na yi azumin, na yi binciken. Ni mai zunubi ne kamar kowa, amma ban gano wani abu da nake ɓoye wa Allah ba. Tun daga ranar nan nauyin ya ninku, domin a da gajiya ce kawai, yanzu an ɗora mini tuhuma a kai. Baba, haka Littafi Mai Tsarki ya koyar da gaske, cewa duk wanda wa'azinsa bai haifar da tuba ba, laifin nasa ne?

Ina tambaya ne saboda Annabi Irmiya. A sura 25 ya gaya wa mutanen Yahuza cewa shekara 23 ke nan yana yi musu magana ba fasawa, tun daga shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, amma ba su kasa kunne ba. Sarki Yehoyakim ya sa aka karanta masa littafinsa, yana yankawa da wuƙa yana jefawa a wuta har ya ƙare. Daga baya aka jefa shi rijiya marar ruwa, ya nutse cikin laka. A ƙarshe waɗanda suka ƙi jin maganarsa su ne suka tafi da shi Masar ba da sonsa ba. In da takardar rahotonmu aka ba Irmiya, me zai rubuta a gurbin ƙarshe? Ishaya ma tun ranar da aka kira shi aka gaya masa mutanen za su yi ta ji ba su fahimta ba, har ya tambaya, "Har yaushe, ya Ubangiji?" Ban isa in kwatanta kaina da annabawa ba, amma in ma'aunin dattijon ikkilisiyar nan gaskiya ne, to su ma sun faɗi.

Duk wanda na yi wa wannan magana, ayoyi biyu yake kawo mini. Galatiyawa 6:9, kada mu gaji da yin aikin kirki, za mu yi girbi a lokacinsa in ba mu karaya ba. Sai 1 Korantiyawa 3:6, Bulus ya shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya sa girma. Na haddace su, ni kaina na sha karanta wa waɗanda suka gaji kafin ni. Daga nan sai a kawo labarin magabata, masu kai bishara wasu ƙasashe. William Carey ya isa Indiya a 1793, bai ga baftismar mutum na farko daga cikin Hindu ba, wato Krishna Pal, sai a Disamba 1800, shekara 7 cur. A 1812 gobara ta cinye maɗaba'arsu da ke Serampore har da rubuce-rubucen fassara na shekaru, ya sake farawa. Robert Morrison ya shiga ƙasar Sin a 1807, sai a 1814 ya yi wa mutum na farko baftisma. Adoniram Judson ya sauka Burma a 1813, sai a 1819 ya sami mutum ɗaya. A ƙarshe a ce mini, "Ka gani? Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Ina girmama mutanen nan ƙwarai, labarinsu ya sha tashe ni in na faɗi. Amma Baba, bari in faɗi abin da ke raina ko da zai yi kama da rashin kunya. Mu daga ƙarshe muke karanta labarinsu. Mun riga mun san dutsen ya dahu, shi ya sa jiran yake mana daɗin ji. Su da suke ciki ba su sani ba. Kuma ba kowa ne ya kai ga ganin ƙarshen ba. Samarin nan uku da suka fara aikin da ya zama mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a Disamba 1893. Kafin ƙarshen 1894 Gowans da Kent sun rasu, daga baya Bingham ya koma Kanada da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi, sai a 1902 aka iya kafa tashar farko a Patigi. Yau ana ba da labarin a matsayin nasara, haka ne kuma, amma su biyun nan sun rufe ido ba su ga ko tsiro ba. Balle ɗimbin waɗanda suka yi aiki har tsufa a wani lungu, ba wanda ya rubuta sunansu domin ba abin da ya biyo baya da ido zai gani. Mai ba ni labarin Carey yana yi mini alkawarin da ba shi da ikon cikawa, cewa in na ƙara jira kaɗan nawa ma zai zo. In bai zo ba fa, har in mutu? Ina so in san ko zan iya tsayawa a kan wani abu da ya fi wannan alkawari ƙarfi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a labarin Judson. Ba maimaita abu ɗaya ya yi ta yi har shekara 6 ba. Ya ɓata shekarun farko yana koyon harshen mutanen, sa'an nan a 1819 ya gina rumfa a bakin hanya irin wadda mutanen ƙasar suka saba zama a ciki, ya zauna yana karɓar masu wucewa. A shekarar nan ce mutumin farko ya ba da gaskiya. Wato haƙurinsa ya haɗu da sauya dabara. Mu kuwa yadda muka tarar ana yi tun muna samari, haka muke yi har yau, takardu iri ɗaya, gaisuwa iri ɗaya, tambaya iri ɗaya. Na taɓa kawo shawara mu zauna mu duba ko akwai abin gyarawa, sai aka ce mini bishara ba ta tsufa. Gaskiya ne ba ta tsufa, amma ni ba bisharar na ce a canja ba.

Ga inda na fi ruɗewa, nan kuma nake roƙon ka daɗe in ka zo amsawa. Ubangijin da ya ba mu misalin makiyayi mai barin tumaki 99 ya bi guda ɗaya har ya same ta, shi ne kuma a Matiyu 10:14 ya ce in gida ko gari ya ƙi karɓarku, ku fita ku karkaɗe ƙurar ƙafafunku. Bulus da Barnaba sun yi hakan a Antakiya ta Bisidiya, suka wuce Ikoniya. A Ayyukan Manzanni 16 ma Ruhu Mai Tsarki ne da kansa ya hana su Bulus yin wa'azi a Asiya, ya hana su shiga Bitiniya, sa'an nan aka kira su Makidoniya. Ashe ke nan akwai barin wuri da ba karaya ba ce, biyayya ce.

Amma dubi abin da ya faru a Koranti, a Ayyukan Manzanni 18. Da aka yi ta yi masa gardama a majami'a, Bulus ya karkaɗe tufafinsa ya ce alhakinsu yana wuyansu, ya fita. Ina ya tafi? Gidan Titus Yustus, wanda yake jikin majami'ar. Ya bar su, amma bai yi nisan da mai nemansa zai rasa shi ba, har shugaban majami'ar, Kirisbus, ya ba da gaskiya da dukan gidansa. Sa'an nan Ubangiji ya yi masa magana cikin wahayi da dare, ya ce kada ya ji tsoro, kada ya yi shiru, gama yana da mutane da yawa a birnin. Ya zauna shekara ɗaya da wata 6. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi. Bulus an gaya masa inda zai tsaya da inda zai wuce. Ni ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Da me talaka irina zai gane ƙofar da Allah ya rufe, da wadda yake so a ci gaba da ƙwanƙwasawa? Dattijon nan nawa bai ƙi ni ba balle in karkaɗe masa ƙura, bai kuma karɓa ba. A wane layi zan sa shi? In na daina zuwa, ina tsoron Ezekiyel 33, inda aka ce za a nemi jinin mutum a hannun mai tsaron da bai busa ƙaho ba. In na ce ai na busa, ya kuma ji, sai wata zuciyar ta ce mini dabara ce kawai nake nema in huta.

Sai maganar gida. Matata mai haƙuri ce, a wurin wannan aikin ma muka haɗu. Kwanan baya ta ce mini cikin sanyin murya, "Baban yara, 'ya'yan wasu kake bi kana roƙo su saurare ka, naka kuwa ga su nan suna jiran ranar da za ka zauna." Ban sami abin cewa ba. Ɗanmu namiji ya fara girma, in an kira addu'ar dare sai ya zo yana jan ƙafa, ni kuma yawanci na dawo a gajiye, in karanta aya biyu in ce a kwanta. Masu ba da labarin Carey ba safai suke ambaton cewa ɗansa Peter ya rasu a 1794 yana ɗan shekara 5 ba, matarsa Dorothy kuma ta sami taɓin hankali da bai sake ta ba har ta rasu a 1807. Ba ina ɗora masa laifi ba ne, wa ya isa? Amma akwai waɗanda suka biya kuɗin jimrewar nan ba tare da an tambaye su ba, ni kuwa ba na son iyalina su shiga cikinsu. In na rage fita na zauna da yarana, na sa hannu a garma na waiwaya ke nan, ko kuwa gonar da ta fi kusa na koma?

Wani abu da ke ɗan sanyaya mini zuciya shi ne yadda Allah ya yi da Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin da ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya ce ya isa haka, a ɗauki ransa. Ban ga inda aka fara da tsawata masa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya. Sai daga baya aka yi masa magana, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha. A ikkilisiyarmu kuwa in mai bishara ya ce yana son ya huta na ɗan lokaci, kallon mai ja da baya ake yi masa. Ni kaina tsoron hutun nake ji, domin duk waɗanda suka ce mini za su ɗan huta su dawo, ba wanda ya dawo. Ga shi kuma in na ce zan bari gaba ɗaya, sai in ji abin da Irmiya ya faɗa a sura 20, maganar ta zama kamar wuta a cikin ƙasusuwana. Ba na iya ci gaba da daɗin rai, ba na kuma iya bari da kwanciyar hankali.

Ban yi shakkar bisharar ba, Baba, kada a fahimce ni a karkace. Kaina nake shakka, ko ni ne aka kira wa wannan aiki tun farko, ko kuwa zafin ƙuruciya ne ya kai ni, kunyar fita kuma ta riƙe ni har yau. Kai da ka daɗe a aikin Ubangiji, na tabbata ka taɓa wa'azi a inda ba wanda ya motsa. Me ya fitar da kai daga gida washegari? Da me kake auna aikinka in ba da yawan masu tuba ba? Ina so kuma ka gaya mini gaskiya game da dattijon nan, in ci gaba da zuwa a matsayin aboki ko da ba zai taɓa amsawa ba, ko in fito fili in tambaye shi inda ya tsaya, ko da hakan zai kawo ƙarshen zaman namu.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne shugaban ƙungiyarmu zai sauka a wata mai zuwa, 'yan'uwan da suka rage kuma sun ce ni suke so in karɓa, wai ni ne ban taɓa gajiya ba. Ba su san abin da ke cikina ba. Na ce su ba ni lokaci in yi addu'a. In da hali, ina roƙo ka amsa wasiƙar nan kafin lokacin, ka kuma sa ni da iyalina cikin addu'arka.

Ɗanka cikin Ubangiji,
Wani mai sauraronka